Kare da kyanwa a asibitin bisashe: abin da masu su ke tararwa, da dalilinsa

Asibitocin bisashe na ƙasarmu da tunanin shanu, tumaki, awaki da raƙuma aka gina su. Wanda ya shiga ofishin ma'aikatar kiwo a wani gari na jihar Maraɗi, Damagaram ko Tawa zai gane haka tun daga bakin ƙofa: ga shingen da ake kora shanu ciki don allura, ga manyan sirinji, ga kwalaben magani da aka auna don bisa mai ɗaruruwan kilo. Rigakafin kyauta da ake zagayawa da shi kowace shekara ma na ciwon huhun shanu ne, da annobar tumaki da awaki da ake kira PPR, da wata cutar raƙuma. Kare da kyanwa ba sa cikin wannan lissafi. Shi ya sa mutumin da ya iso riƙe da igiyar kare yakan ji kamar ya shigo gidan da ba a gayyace shi ba.

Amma suna zuwa. Makiyayi yakan kawo karen da ke kwana bakin garke yana kore dila da kura da ɓarawo. Ƴan farauta suna kawo nasu, musamman da rani. A ƙasar Azawak, arewacin Tawa, akwai doguwar karen nan siriri mai gudu wanda Buzaye ke ji da shi, wanda har a Turai an san shi da sunan yankin. A cikin gari kuma akwai mai karen gadi, da matar da kyanwarta ke tsare mata rumbu daga ɓeraye. Sai kuma waɗanda suka fi yawa, waɗanda ba da son ransu suka zo ba: karensu ya ciji ɗan maƙwabci, an ce dole a kai shi a duba.

Yawancinsu sukan koma gida da ƙorafi. Wani ƙorafin gaskiya ne, laifin namu ne mu ma'aikata. Wani kuma ya samo asali ne daga abin da ba a tsaya an bayyana musu ba. Ga abubuwan da na fi ji, da abin da ke bayansu.

Dariya a bakin ƙofa

Idan hira ta yi nisa, abin da masu karnuka suka fi ambata shi ne kunya. Mutum ya ɗauro kare a amalanke, yara na bin sa da ihu, ya iso ya tarar da layin masu raguna, sai wani ya ce, "Malam, tumakin sun ƙare ne ka koma jinyar kare?" Wani lokaci daga bakin ma'aikaci maganar ke fitowa, kuma wannan ta fi ɓarna, domin wanda aka yi wa dariya sau ɗaya ba ya dawowa, kuma zai hana ɗan uwansa zuwa. Malamanmu sun daɗe da bayyana cewa riƙon kare don kiwo, farauta ko tsaron gona ba laifi ba ne. Abin da aka yarda ka riƙe, ai lafiyarsa ma tana wuyanka.

Akwai kuma tsoro. A makarantar horo an fi koya mana kayar da sa da riƙe rago, kuma asibitoci da dama ba su da takunkumin kare ko ɗaya. Ma'aikacin da ke tsaye nesa yana cewa "riƙe shi da kyau" sau biyar ba raini yake yi ba, hannunsa yake tsaro. Kuna iya sauƙaƙa masa. Ku zo da wanda karen ya saba da shi, ko da yaron da ke kiwo da shi ne. Ku zo da tsumma mai tsawon kamu biyu: a zagaya shi a bakin karen, a gitta a ƙarƙashin haɓa, a ɗaure bayan kunnuwa. Kyanwa kuwa a sa ta cikin kwali mai huji ko kwando mai murfi, kada a rungumo ta, don ƙarar moto ɗaya ta isa ta tsere ta bar ku da karce. Ku zo da sanyin safiya. Kare da haki yake fitar da zafin jikinsa, saboda haka ɗaure masa baki da tsakar rana a watan Afrilu na iya kashe shi kafin allurar ta yi masa amfani. Ana gama allura a kwance tsumman.

"Yau babu allura, ku dawo"

Wannan ita ce amsar da ta fi ɓata wa mutane rai, musamman wanda ya yi tafiyar rabin yini. Dalilinta sanyi ne. Allurar rigakafin haukan kare tana so a ajiye ta tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba ta son rana, ba ta son ta daskare. Inda wuta ke yawan ɗaukewa kuma babu firiji mai aiki da hasken rana, ma'aikaci ba zai sayo ta da yawa ya ajiye ba. Sannan sau da yawa kwalba ɗaya ta karnuka goma ce. Idan aka huda ta don kare ɗaya, sauran taran ba sa jira har wani mako. Don haka idan ya ce ku haɗa karnukan unguwa ku kawo rana ɗaya, ba wasa yake muku da hankali ba.

Abin da bai dace ba shi ne a ce "ku dawo" ba tare da an faɗi rana ba. Ku nemi a ba ku rana, ku karɓi lambar wayar ma'aikacin, ku kira kafin ku taso. Ku tuna kuma da safe yakan je mahauta duba nama, ran kasuwa yana kasuwar bisashe, lokacin rigakafin shekara kuma yana daji kwana da kwanaki. A yankunan da ke da asibitocin kusa da makiyaya masu zaman kansu, waɗanda ake kira SVPP, mataimakin da ke ƙauyenku zai iya sanar da likita tun da wuri.

Idan an yi allurar, akwai abu biyu da haƙƙinku ne. Na farko ku ga kwalbar da idonku an ciro ta daga firiji ko akwatin sanyi. Wadda mai tebur ya ciro daga aljihu a tsakiyar kasuwa, ko da ta gaskiya ce a da, babu wanda zai iya ce muku tana da sauran ƙarfi. Na biyu a ba ku karne, a rubuta ranar allura, sunan maganin, kamannin karen, a sa hannu da hatimi. Mutane da yawa suna biya su tafi ba takarda, sai ranar da karen ya yi cizo su rasa abin nunawa. Ana fara allurar tun kwikwiyo yana da wata 3, a sake duk shekara. Jiki yana ɗaukar kamar mako 3 zuwa 4 kafin kariyar ta kama.

Ranar da kare ya ciji mutum

A nan ne rigima ta fi yawa, a nan ne kuma rai yake. Iyayen yaro suna so a kashe karen nan take. Mai kare yana rantsuwa karensa lafiya lau, tsokanarsa aka yi. Mu kuma mu ce kada a kashe shi, a ɗaure shi kwana 15, a kawo shi mu gani ranar farko, da ta bakwai, da ta goma sha biyar. Kowa sai ya tafi yana jin haushinmu: iyaye na ganin mun goyi bayan mai kare, mai kare na ganin muna neman kuɗin zuwa uku.

Ga dalilin. Ƙwayar cutar haukan kare tana shiga ta rauni, ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, daga nan ta sauko cikin yawu. Kare na iya ɗauke da ita makonni ko watanni ba ya yaɗa ta. Sai ta kai yawu yake zama haɗari, kuma daga lokacin kwanakinsa ƙidayayyu ne: cikin kamar kwana 10 alamun za su fito fili ya mutu. Saboda haka karen da ya yi cizo yau, in bayan kwana 15 yana cin abinci yana kaɗa wutsiya, to ranar da ya yi cizon babu cutar a yawunsa. Rayayyen kare shi ne shaidar da ke kwantar da hankalin iyaye. In an kashe shi an jefar a rami, an binne shaidar tare da shi.

Idan ya mutu cikin kwanakin, ko dole ta sa aka kashe shi don yana bin mutane, kada a fasa kan. A ƙwaƙwalwa ake gano cutar. A kira ma'aikacin kiwo ya ɗauki kan da safar hannu, a sa shi cikin sanyi, a aika ɗakin binciken LABOCEL da ke Yamai. Kada yara su taɓa gawar.

Amma wanda aka ciza ba ya jiran kwana 15, kuma wannan shi ne abin da nake so kowane mai karatu ya riƙe. Tun kafin a fara neman mai kare, a wanke raunin da ruwa mai yawa da sabulu har tsawon minti 15. Minti 15 na da tsawo idan yaro na kuka, amma wankin nan yana rage ƙwayar cutar ƙwarai, kuma sabulun wanki na gida ya isa. Kada a sa barkono, toka, ƙasa ko man mota. Gashin karen da ake ƙonawa a shafa a raunin ba ya hana komai. Daga nan a tafi likita a ranar, a faɗa musu cizon kare ne, su ne za su fara wa mutum allurai ko su tura shi inda ake da su. Allurar mutum ba guda ɗaya ba ce, ana komawa a ranakun da aka rubuta, kuma wanda ya karɓi ta farko ya daina zuwa ya bar aikin a rabi. Cizo a fuska, wuya ko yatsu ya fi gaggawa. Karce ma, ko lasa a kan buɗaɗɗen rauni, ana lissafa su.

Wani kuskure da nake yawan gani: a kawo karen da ya yi cizo a ce a yi masa allura yanzu-yanzu "don kada yaron ya kamu". Allurar da aka yi wa kare bayan cizo ba ta kare wanda aka ciza da komai.

Raunin yakan warke cikin mako guda, kowa ya manta. Cutar kuwa takan fito bayan wata 1 zuwa 3, wani lokaci fiye da haka, kuma da zarar mutum ya fara tsoron ruwa da firgita babu maganin da ke ceto shi, a Yamai ko a Faransa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kimanin 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. A rugage da ƙauyukanmu yaran ne ke kiwo da karnuka, su ne ke wasa da kwiyakwiyai, kuma su ne ke ɓoye cizo don tsoron duka. Ku gaya musu wanda ya faɗi an cije shi ba za a dake shi ba.

Ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizo ba. Akwai wanda yake yin shiru, ya nemi lungu, haɓarsa ta saki, yawu na zuba, ya kasa haɗiya. Mai shi sai ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu cikin baki don ya ciro. Haka ma a shanu: saniya ta yi ta kuka ba dalili da murya a dishe, tana dalala, tana yunƙuri kamar mai naƙuda, ta ƙi ruwa, makiyayi ya naɗe hannun riga ya shiga lalube a maƙogwaronta. Jaki kuma yakan koma cizo, har ya ciji jikinsa. Duk bisar da ta yi haka, a ware ta, kada a sa hannu a bakinta, kada a yanka ta don nama, a kira ma'aikaci. Ku tuna ko wani baƙon kare ko dila ya shigo garken makonnin baya, domin tambayar farko da za mu yi muku ke nan.

Maganin shanu a jikin kare

Sau da yawa karen da aka kawo mana ba cutar farko ke kashe shi ba, maganin da aka ba shi a gida ne. Makiyayi yana da sauran magani a jaka, ya ga ya yi wa saniya aiki, sai ya ɗiba wa kare da ido. Saniya tana da kilo 250, karen ruga da wuya ya wuce 20. Allurar ivermectine da ake yi wa shanu don tsutsa da ƙaiƙayi, in ta yi wa kare yawa, sai ya fara layi kamar mashayi, ya makance, ya faɗi. Garin nan mai ruwan ɗorawa da ake damawa don sammore, diminazene, tazarar da ke tsakanin maganinsa da gubarsa a jikin kare ƙanƙanuwa ce, yana taɓa ƙwaƙwalwa. Maganin wankan kaska na amitraz yana da haɗari ga kyanwa, ga doki da jaki kuma yana tsayar da hanji har ya kashe. Ruwan feshin gona da wasu ke wanke kare da shi don ƙuma, shi ba a ma maganarsa.

Magungunan mutane ma haka. Wata mata ta taɓa kawo kyanwarta fuska a kumbure, dasashi ya yi duhu, tana haki. Da aka tambaye ta sai ta ce jiya ta ga jikinta da zafi ta ba ta rabin paracétamol, don tausayi. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Diclofénac da ibuprofène kuma suna cinye cikin kare har ya yi amai da kashin jini.

Saboda haka idan ma'aikaci ya tambaya "me kuka ba shi?", ba neman laifi yake ba. Ku faɗi gaskiya, ku zo da kwalbar ko takardar maganin. Ku tambayi kuɗin aiki kafin a fara, ku tambayi sunan abin da za a yi masa da kwana nawa. Ma'aikacin da ya yi allura bai faɗi ko ta mece ce ba, bai gama aikinsa ba, kuma kuna da ikon tsayar da shi ku tambaya. Akwai kuma abin da ƙaramin asibiti ba ya iyawa. Karayar ƙashi mai buƙatar hoto, ko karyar da ta kasa haihuwa sai an yi mata aiki, sai manyan garuruwa. Gara a faɗa muku haka tun farko da a yi ta karɓar kuɗin allurar da ba za ta gyara ba.

Tsutsar da ke zagaye tsakanin kare da garke

Ga wanda har yanzu yake ganin kuɗin jinyar kare asara ne, ga lissafin da ya shafi tumakinsa kai tsaye. Kun san tunkiyar da ke karkata kai, tana kewaya wuri ɗaya, tana ware kanta daga garke har ta faɗi. In an yanka aka fasa kan, akan tarar da wata jaka mai ruwa a cikin ƙwaƙwalwa, da fararen ɗigo-ɗigo a jikinta. Wannan ƴaƴan tsutsa ce, kuma uwar a hanjin kare take zaune. An jefa wa kare kan tunkiyar da ta mutu da wannan ciwo, ya ci, tsutsar ta girma a cikinsa, ya yi kashi a makiyaya ko bakin rijiya, wata tunkiya ta haɗiye ƙwan tare da ciyawa. Haka abin ke juyawa shekara da shekaru. Karen kansa ba ya nuna alamar komai.

Jakunkunan ruwa da mahauta ke gani a huhu da hantar raƙumi, sa ko rago ma wata tsutsar kare ce, kuma ita tana kama mutum. Yaron da ya shafa kare ya ci tuwo bai wanke hannu ba na iya haɗiye ƙwan, bayan shekaru jakar ta girma a hantarsa, sai an yi masa aiki. Mahauci yakan yanke wurin da ya lalace ya wurga wa karnukan da ke jira bakin mahauta, yana ganin ya tsabtace nama, alhali ya shuka cutar ne. Da babbar Salla abin ya fi yawa, don kowane gida mahauta ne.

Maganin yana da sauƙi. Kai, huhu ko hantar da aka ga jakar ruwa a ciki, a ƙona ko a binne da zurfi inda kare ba zai tono ba. A ba kare ƙwayar praziquantel gwargwadon nauyinsa, aƙalla duk wata 3, a ɗaure shi kwana biyu bayan an ba shi, a binne kashinsa. Ku lura, albendazole da kuka saba ba tumaki ba shi ne maganin wannan tsutsa a cikin kare ba. Kuɗin ƙwayoyin shekara guda bai kai kuɗin ɗan rago ɗaya ba.

Abin da ƙungiya za ta iya

Duk lokacin da haukan kare ya ɓulla a gari, abin da aka fi saurin yi shi ne zuba guba a nama. Karnuka su mutu, ungulaye da kyanwoyi su mutu tare da su, har da karnukan da aka riga aka yi wa allura, bayan ƴan watanni wasu sababbi marasa allura su cike gurbin. Abin da aka tabbatar yana katse cutar shi ne a yi wa aƙalla karnuka 7 cikin 10 na yanki allura, a riƙa maimaitawa kowace shekara. Mutum ɗaya ba zai iya wannan ba, amma ƙungiyar makiyaya ko ta mata masu kiwo tana iyawa, kuma shi ne ke warware matsalar kwalba mai cin karnuka goma, da ta doguwar tafiya, da ta kunya, tunda kowa ya fito da nasa.

A taronku na gaba ku ƙirga karnukan rugage da unguwanninku, har da kwiyakwiyai da karnukan da ba su da takamaiman mai su amma kowa ya san inda suke kwana. Ku tara kuɗin, ku kai wa ma'aikacin kiwo na gundumarku ko likitan SVPP adadin, ku sa rana. Wasu sukan zaɓi 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya. Ga masu tafiya da bisashe arewa da damina, ya fi dacewa a yi kafin a tashi, ko a haɗa da ranar da aka tara shanu don rigakafin shekara, tunda akwatin sanyi ya riga ya iso wurin. Sakataren ƙungiya ya riƙe littafi ɗaya mai sunan mai kare, kamannin karen da ranar allura, don in karne ya ɓace a hanya ko ruwa ya jiƙa shi, a samu inda za a duba ranar da aka zo da maganar cizo.